Cikin Caga Babu Komai

Kowa a ma'aikatarmu ta gandun daji a Matameye ya ɗauka caga ta fi ɓarna in damina ta yi nauyi. Ba haka ba ne, kuma na gaji da maimaitawa.

Caga ita ce baƙar tsuntsuwar nan mai nutso ta kamo kifi, ta fito ta shanya fukafukai. Bara aka tura ni gadin wani tafki wajen Yauri ta nan kusa da Matameye, inda muka zuba 'ya'yan kifi. Ni kaɗai, sai bukka da wata tsohuwar kanya da caga ke kwana a kai. Masunta su zo da safe su tafi. Daga nan har magariba ba mai ce mini ko sannu, sai dai in zauna in kalli tsuntsayen.

Ba zan manta makon da aka yi ta ruwa a watan Agusta ba. Tafkin ya koma ja kamar kunun kanwa. Sarkin ruwa, shugaban masuntan, ya same ni.

"'Yar nan, dubi ƙawayenki! Nutso ba hutawa. Za su ƙarar da kifin."

"Baba, ka ga ɗaya ta fito da abu a baki?"

"Haɗiyewa suke a ƙasa."

Da ido caga ke farauta. In ruwa ya gurɓace, sai ta yi ta nutso a banza. Ga shi ba rana, fukafukan ba su bushewa. Yawan nutson yunwa ce.

Sarkin ruwa ya kai ƙara buro, ofishinmu. Shef, shugabanmu, ya ce a sare kanyar bayan damina, tsuntsayen su watse.

Washegari caga ɗaya ta maƙale a ragar masunta ta mutu. Na ɗaure ta a bayan moto, wato babur, har gaban teburin Shef, na tsaga cikin. Babu komai.

Ya toshe hanci. "Madmazel, zaman kaɗaici ya fara taɓa ki. In dawo da ke buro?"

Na so in ce e. Wallahi na so. A buro akwai mutane, akwai shayi.

Na ce a'a. In na tashi, washegari gatari zai iso. Na naɗe tsuntsuwar na koma.

Kanyar na nan har yau, umarnin ma ba a janye ba. Na mayar da tabarmata gindinta. Duk wanda ya zo da gatari, da ni zai fara gaisawa.