Ranar da Na Sauke Malam Daga Yankan Kirsimeti

Shekarun baya, lokacin ina malamin gona a Birnin Kudu, saura kaɗan in rasa abokin da ban taɓa samun irinsa ba, kuma a kan taure guda ɗaya. Ku da kuka san ni yanzu da furfura, kuna cewa Baba akwai haƙuri, to ku gyara zama. Aiki ya yawata da ni, na zauna a Gombe, na zauna a Zuru, na je har bakin iyakar Nijar, kuma duk inda na sauka saurin fushina yakan riga kayana isa.

Gidan da na kama haya, katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani malamin Islamiyya. Ya girme ni da kusan shekara goma, ga barkwanci kamar me. Mu Kiristocin da ke zaune cikin Musulmi muna da wata al'ada: in Kirsimeti ta zo, ba ma yanka dabbarmu da hannunmu, Musulmi muke kira ya yanka, don maƙwabta su ci hankalinsu kwance. Shekarar da na tare na roƙi Malam, ya amsa da murna. Daga nan abin ya zama nasa, shekara tara cur. Da wuƙarsa yake zuwa, ya zagaye dabbar yana girgiza kai, ya tambaye ni wai akuya ce wannan ko kyanwa na ɗaure. In Babbar Sallah ta zo kuma, cinya guda ce take tsallako katanga zuwa gidana.

A shekarar da nake ba ku labari, mahaifiyata ta zo mana hutu daga ƙauye. Ni kuma, don in nuna mata ɗanta ya zama mutum, sai na ɗauki addu'ar safiya ta gida da zafi. Mako guda ina karanta musu Maganar Allah a kan fushi, ina bayani ina ɗaga yatsa: mutum ya yi saurin saurare, ya yi jinkirin magana, ya yi jinkirin fushi. Matata tana sunkuyar da kai, ni a zatona wa'azin ne yake ratsa ta. Daga baya na gane dariya take ɓoyewa.

Sai aka yi dace sunan jikan Malam ya faɗo ranar Kirsimeti, can a Dingaya ta ƙasar Gwaram, inda 'yarsa take aure. Ya leƙo kafin ya tafi, ya ce kada in damu, ana shafa addu'a da sassafe zai hau babur, kafin mu taso daga coci yana ƙofar gidana. Na ce Allah ya kai mu.

Muka taso daga sujada, babu Malam. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Ga taure ɗaure a gindin darbejiya yana tuƙa, ga matata ta ɗora ruwa, ga baƙi na gayyata da yamma, har da mutanen ofis. Na fita bakin hanya, na dawo, na sake fita. Kowane babur ya wuce sai in ji raina ya ƙara ɓaci. Mahaifiyata ta ce in ƙara jira kaɗan, matata ta ce shinkafa ba ta gudu. Ni kuwa na riga na yanke wa Malam hukunci a raina: ya samu waina da naman suna, ya manta da ni. Ana kiran azahar na tafi kasuwa na ɗauko mahauci. Cikin ɗan lokaci ya yanka, ya feɗe, ya kama gabansa.

Da aka gama girki, matata ta cika babbar langa da shinkafa, ta zaɓi tsoka masu kyau ta jera a kai, ta yafa mayafi ta shiga gidan Malam kamar yadda ta saba. Ban gama wanke hannu ba sai ga ta ta dawo, langa a hannu, ko murfin ba a buɗe ba. Ta ce Malam ya dawo, matarsa kuma ta tarye ta da kunya kamar ta nutse, ta ce Malam ya ce a mayar.

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. A wani gari da na taɓa zama an sha dawo mini da kwano, har da cewa ba a cin abincin irinmu, kuma ashe ciwon bai warke ba. Nan take na haɗa wancan da wannan. Na shirya jawabi a kaina, mai kai da ƙafa: ashe duk shekarun nan kallon ƙazami kake yi mini, ashe dariyar da muke yi ta fatar baki ce, daga yau kowa ya riƙe kwanonsa. Na zura takalmi, ƙafar hagu a na dama, na nufi ƙofa.

Mahaifiyata tana zaune a tabarma tana fama da ƙashi. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mai wa'azi, ina zuwa?"

Na ce zan je in gaya wa mutumin nan gaskiya. Ta ce to madalla, amma in fara gyara takalmina, kada gaskiyar ta je a karkace. Sannan ta tambaye ni abin da na yi mako guda ina karanta musu da safe. Na duƙa ina gyara takalmin. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da ta ji sau ɗaya a zumuntar mata ta coci ya zauna ke nan. Ta maimaita mini shi tsaf, har da ɗaga yatsa irin nawa.

"Bakinka ne ya yi karatun, kunnenka yana barci," in ji ta. "Ba zan hana ka zuwa ba, don an ce kada rana ta faɗi ta bar ka da fushi, ga ta kuwa ta karkata. Amma gaisuwa za ka yi, cikakkiya, sai tambaya guda ɗaya. Daga nan ka rufe bakinka har ya gama. In ya gama kana da sauran jawabi, ka yi."

Na tafi ina huci, ina cewa a raina tambaya ɗaya ma ta isa in na zaɓi mai zafi.

Na tarar da Malam a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, fuska a murtuke. Na yi sallama, ya amsa a taƙaice. Na zauna. To kun san gaisuwarmu ba a yi mata gaggawa. Na tambayi gajiya, na tambayi mai jego, na tambayi jariri, na yi barka, na tambayi mutanen Dingaya da amfanin gona. Kafin in kai ƙarshe, rabin jawabina ya zube. Wuya ne ka ce wa mutum Allah ya raya jikansa, ka kuma zage shi da numfashi ɗaya. Da na zo kan tambayar, mai zafin ta ɓace mini, abin da ya fito kawai shi ne:

"Allah gafarta Malam, me na yi?"

Ya sa hannu ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai, ya jawo wani abu naɗe da tsumma, ya warware a gabana. Wuƙarsa ce, an wasa ta tana ƙyalli. Ya ce tun shekaranjiya ya kai ta wajen maƙeri saboda taurena. Ya ce ana shafa addu'a ya tashi, ko kunu bai tsaya sha ba, surukansa suna roƙonsa ya jira abinci, ya ce yana da alkawari a Birnin Kudu. Bayan Gwaram kaɗan tayar babur ta fashe, ya tura shi da ƙafa tafiya mai nisa kafin ya samu mai faci, ga waya babu caji. Ya iso da yunwa da kumburin ƙafa, ya shigo layi, sai ƙamshin suya ya tarye shi daga gidana. Mutanen ƙofar masallaci kuma ba su bar shi ba, wani har da yi masa jaje wai an sauke shi daga muƙami.

"Shekara tara ni nake yanka maka," ya ce. "Ko limami ne ya makara, ai a ɗan jira shi. Na zauna ina ta lissafi, ko na taɓa yi maka wani laifi ne ka rasa yadda za ka gaya mini."

Na dubi ƙafarsa, ga ta kuwa a kumbure. Kunya ta rufe ni. Na ce ashe ba don abincin Kirista ba ne ya mayar. Ya dube ni kamar na yi sabon hauka, ya ce mahaucin da na ɗauko ai almajirinsa ne, shi ya koya masa karatu, naman halal ne tsaf, fushi ne kawai ya hana shi ci, kuma tun da langar ta fita yake nadama, don ƙamshin bai daina tsallako katanga ba. Na ba shi haƙuri, na ce gaggawa ce da mugun zato. Ya ce shi ma bai kyauta wa matata ba. Sai muka kama dariya, irin wadda take sa hawaye.

Ya ɗaga wuƙar ya ce to wannan fa, haka za ta koma kube ba ta yi aiki ba? Na tuna matata tana da wani jibgegen zakara da take ji da shi. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Ta yi ta mita tana figa, wai maza biyu sun yi faɗa, zakaranta ne ya biya. Kafin magariba muna zaune ni da Malam da baƙina a tabarma ɗaya, ya ci shinkafa ya ƙara, yana cewa tauren bana ma kyanwa ne. Inna ta leƙo ta tambaye ni ko akwai sauran jawabi. Na ce ya ƙare.

Har yau in na tuna nakan ji tsoro kaɗan a cikin dariyar. Da na furta kalmomin nan da na shirya, da ban san da wane baki zan janye su ba. Mutumin da ya tura babur da yunwa saboda ni, in je in ce masa yana ƙyamata. Abin da na koya shi ne, fushi gwanin ba da labari ne: kafin ka tambaya ya riga ya gaya maka dalilin mutum, kuma kullum mafi muni yake zaɓa. Maganar Allah ba ta ce ba za mu ji haushi ba, cewa ta yi mu jinkirta, mu fara saurare. Ni dai jinkirin nan nawa bai wuce tsawon gaisuwa ba, amma ya ishe ni.

Na yi ritaya, ban bar garin ba, ban kuma bar unguwar ba. Malam ya tsufa, tafiyar ma sai a hankali. Bara, ranar Kirsimeti, sai da aka yi la'asar sannan ya fito, wai barci ne ya ɗauke shi. Jikokina suna ta kewaya tukunya suna kallona, matata tana jifana da ido. Na ce kowa ya nemi wuri ya zauna, mai yankan gidan nan bai iso ba tukuna.