Shinkafar Bikin Godogodo

Ina shanya wanki maƙwabciyata ta leƙo ta ce Mama Saratu ta rasu. Kafin in isa gidanta na bayan tashar jirgin Kafanchan, matan zumuntar cocinmu sun cika tsakar gida da kuka. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin shekara shida babu wadda ta taka gidan nan a cikinsu.

Mama ce ta koya mini girkin biki. Ba ta zuba shinkafa ko taliya a ruwa sai ta fara soya su ɗanye a mai har su yi ja. Takan ce, "Bari shi ya ji wuta tukuna, 'yata. Wanda ya soyu ba ya caɓewa." Kuma ba ta ɗanɗana tukunya sai ta tabbata masu wanke-wanke sun samu nasu.

A wani biki da za a kai abinci Godogodo, matan nan suka ce mata nata girkin ƙauye ne, a Kaduna dafawa ake fara yi, sannan a soya da karas da kabeji. Suka tura ta yankan albasa. Ta ce, "Da zafin nan, in kun rufe shi a kula, ba zai kai ba." Aka yi mata dariya. Da aka buɗe kuloli a can, shinkafa ta yi tsami tana yauƙi. Dangin ango suka tambaya wa ya yi girki, aka ce Saratu. Daga ranar ba a sake kiran ta biki ba.

Yau waɗanda suka ɓata mata suna su ne ke cewa ba a yi mai haƙuri kamarta ba. Ba ku ji kunya ba? Kuna wurin, kun ga wadda ta riƙe ludayi. Ni ce, kuma na yi shiru kamar yadda kuka yi. Da na je ba ta haƙuri a ɓoye, cewa ta yi, "Ke yanzu kin fara, ni na gama. Bar shi a kaina."

Ubangiji ya ji ƙanki, Mama, ya ba ki hutawa. Ya ta'azantar da 'ya'yanki, waɗanda suka girma ana nuna su da abin da uwarsu ba ta yi ba. Mu kuwa, ya gafarta mana, in sun yarda sun yafe.