Turancin Malam Khoat

Shekara ashirin da biyu ina buga wa Malam Khoat takardun gwajin jarrabawa a ɗan shagona da ke bakin lungunmu a Nam Dinh. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ya haɗa magana guda da Turanci da bakinsa ba. Da alli yake Turancinsa, da jan biro. Amma idan ka tsayar da kowa a unguwarmu ka ce wa ya fi kowa Turanci a garin nan, gidansa za a nuna maka.

Asalinsa malamin Rashanci ne. Shi ya karanta, shi ya fara koyarwa, har da hoton da ya ɗauka cikin dusar ƙanƙara da ƙatuwar hula. Ana nan aka wayi gari babu mai son Rashanci, yara duk sun koma Turanci. Aka tattara irinsu aka kai su kwas na 'yan watanni, aka miƙa musu takarda aka ce sun zama malaman Turanci. Wasu kunya ta kama su, suka bar koyarwa, suka koma sayar da shayi ko gyaran keke. Malam Khoat ba ya cikin masu kunya. Ya zauna ya duba jarrabawar gama sakandare da kyau, ya gano abin da ya rufa masa asiri har tsufa: babu inda ake ce wa yaro ya buɗe baki. Tambaya ce da amsoshi huɗu a ƙasanta, ka cike ɗan da'ira da fensir, ka wuce.

Sai ya rushe bangon da ke tsakanin falonsa da kicin, ya mayar da matarsa da tukwanenta saman bene, ya jera bencina. Ɗakin da bai fi mutum talatin ba yakan zuba yara tamanin. Fanka biyu, taga ɗaya, shi kuma yana tsaye a gaba da lasifika a rataye a ƙugu, ya shafe gashinsa da mai ya kwantar. Daga watan Maris zuwa ƙarshen Yuni babura da kekuna sukan toshe lungun, har mai kai gawa sai ya zagaya.

Daga shagona ina jin darasinsa tas.

“Kada wanda ya karanta min labarin da ke saman takardar jarrabawa! Wa ya aike ku? Ku duba tambaya, ku nemo kalmar da ta yi kama da ita a sama, ku cike, ku wuce. Amsa biyu sun yi kama? Ɗaya a ciki ce. Ɗaya ta fi sauran tsawo? Ita ce. Kun rasa gaba ɗaya? Ku zaɓi ta uku, ku roƙi kakanninku su taimaka.”

Idan wani yaro ya yi ƙarfin hali ya ce, “Malam, yaya ake faɗin wannan kalmar?” sai ya zare tabarau ya dube shi kamar ya ga ƙuda a miya.

“Na'urar da za ta duba takardarka tana da kunne ne? Zauna, ɗan nema.”

Littafinsa, wanda ni nake bugawa ina ɗinkewa, ya sa masa suna Sirri Ɗari Uku. Kowace shekara yakan kawo shi ya ce an sabunta. Abin da ake sabuntawa launin bango ne da shekarar da ke jiki. Na san haka, don shafi na arba'in da bakwai yana da tabon miyar kifi tun zamanin da 'yata take goye, kuma tabon ya fito a kwafin dubban yara.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yaransa suna cin jarrabawa. Maki takwas cikin goma, maki tara cikin goma. Yakan rubuta sunayensu a jan ƙyalle ya rataya a ƙofar gida. Iyaye su zo da kwandon lemo da kwalin shayi suna rusunawa. Yaran kuwa su tafi jami'a a Hanoi da makinsu tara, idan baƙo ya tambaye su hanyar tasha su ruga a guje.

Akwai wata yarinya, Nhan, 'yar Kawu Thuc mai unguwarmu. Ita ce ta fi kowa damunsa da tambaya. Ta ce me ya sa ba za a saurari yadda masu harshen suke magana ba, ko sau ɗaya a mako. Ya kore ta daga ajin a gaban kowa, ya ce kanta kwakwa ce da ba ruwa a ciki. A jarrabawa ta samu huɗu. Malam ya shekara yana ba da misali da ita. Ta tafi garin Da Nang, ta kama aikin gyaran ɗakuna a wani masauki, daga nan ta koma teburin karɓar baƙi. Bayan shekara tara ta aiko gida cewa za ta auri wani ɗan Kanada mai gyaran injin jirgin ruwa, kuma zai zo baiko tare da mahaifinsa.

Kawu Thuc mutum ne mai son a yi abu bisa tsari. A ranar baiko amarya tana sama a ɗaki, ba ta saukowa sai manyan gida biyu sun gama magana. To wa zai fassara maganar manya? Ai ba sai an tambaya ba. Kawu ya saka rigarsa mai kyau ya tafi gidan Malam da kansa.

Da yammar ranar Malam ya shigo shagona, ya tsaya yana juya takardu ba tare da ya ce a buga komai ba.

Na ce, “Malam, an ce kai ne tafinta ranar Lahadi.”

“Mutanen Kanada,” ya ce, yana kallon silin, “Turancinsu ba shi da tsabta sosai. Sun gauraya shi da Faransanci.”

“To ka ce ba ka da lafiya mana.”

“Ƙanwata, ki kula da injinki. Shekara nawa ina koyar da harshen nan?”

Ranar Lahadi ina cikin matan da ke zuba shayi, don haka a gabana aka yi komai. An shigo da farantan baiko bakwai lulluɓe da jan ƙyalle, an kunna turare a teburin da ake ajiye hotunan kakanni. Dangin amarya sun jeru a gefe ɗaya na dogon tebur, ango da mahaifinsa a ɗaya gefen. Rabin unguwa na leƙe ta taga, kuma yawancinsu ko tsofaffin ɗaliban Malam ne ko iyayen ɗalibansa. Malam ya sha kwat da laktaye, jan bironsa a aljihun gaba.

Kawu Thuc ya miƙe ya yi jawabin maraba mai tsawo, ya ambaci kakanni, ya ambaci haɗuwar gida biyu. Ya juya ga Malam. Malam ya gyara murya ya furta wasu kalmomi da ba su fi biyar ba. Tsohon Bature ya karkato kunne, ya yi murmushin ladabi, ya dubi ɗansa. Ɗan ya ɗaga kafaɗa. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, “Kin ji gwaninta. Abin da Thuc ya yi rabin awa yana faɗa, ya dunƙule shi a numfashi ɗaya.”

Sai mahaifin ango ya miƙe. Dogo ne, fari fat da furfura. Ya yi magana a hankali, ya ciro wani ƙaramin hoto daga aljihu ya ɗora a tebur, hawaye suka zubo masa. Kowa ya juya ga Malam.

Na ga gumi na bin bayan kunnensa. Ya dubi hoton, wata mace ce a bakin ruwa tana dariya. Ya dubi jama'a. Ya ɗaga murya kamar yana gaban allo.

“Ya ce ƙasarmu kyakkyawa ce ƙwarai. Ya ce abincinmu da daɗi. Wannan matarsa ce, tana gaishe ku, aiki ne ya riƙe ta, amma za ta zo biki. Kukan da kuka gani na farin ciki ne.”

Aka ɗauki tafi. Wani ƙanin Kawu Thuc ya ɗaga ƙoƙon giya ya ce a gaya wa tsohon ya yi sa'ar mata, a sha don lafiyarta. Aka yi dariya, aka ƙara tafi. Tsohon ya tsaya da hawaye a fuska yana kallon mutane suna masa shewa.

Ango ya ɗan tsinci harshenmu a wurin Nhan. Fuskarsa ta yi ja. Ya ture kujera, ya haye bene, abin da ba a taɓa yi ba. Sai ga shi ya sauko da amarya tun ba a kira ta ba, tana riƙe da gefen jar rigarta. Ta je wurin tsohon, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ta riƙe hannunsa. Sannan ta juyo.

“Baba, ku ajiye ƙoƙunan nan. Matarsa ta rasu watanni biyar da suka wuce. Cewa ya yi ta so ƙwarai ta ga wannan rana. Ya kawo hotonta ne yana roƙo, in kun yarda, a ɗora shi kusa da teburin kakanninmu yau, don ita ma ta halarta.”

Wanda ya ɗaga giya ya rasa inda zai sa hannunsa. Kawu Thuc ya karɓi hoton da hannu biyu, ya kai shi wurin da kansa, ya kunna turare uku ya ba tsohon. Mata suka fara sharar hawaye.

Malam kuwa ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “Ai ya haɗiye ƙarshen kalmomin. Da ya rubuta a takarda da ba a samu matsala ba.”

Nhan ta dube shi, ta ce cikin ladabi, “Malam, ka zauna ka sha shayi. Zan ƙarasa.”

Ya zauna. Har cin abinci ya tsaya, ya ci kaza ya ci shinkafa mai danƙo, ya karɓi kunshin da ake ba baƙi ya tafi da shi gida.

Ni dai na ce tasa ta ƙare. Washegari labarin ya kai kasuwa, ya kai gidan aski, yara suna kwaikwayonsa a hanya. Na fara tunanin wa zai riƙa kawo min aiki. Da Litinin ta gaba ta zagayo na leƙa lungu, sai na ga babura sun fi na da yawa.

Na tare wata maƙwabciyata da ta kawo ɗanta, na ce, “Yaya, ba kya wurin baikon nan ne?”

“Ina nan. Har na yi tafi.”

“Kuma kika kawo shi?”

“To Bature ne zai duba takardarsa? Ita Nhan mai iya maganar nawa ta ci? Huɗu. Ni tara nake nema. In ya shiga jami'a ya je ya koyi surutun.”

Ba ni da bakin zaginta. Da tawa 'yar ta kai aji na ƙarshe, a bencin gaba na nema mata wuri.

Haka ya ƙara shekara shida yana cika ɗaki. Abin da ya kayar da shi ba kunya ba ce. Tsarin jarrabawar aka sauya. Aka rage tambayoyin da dabarunsa ke kamawa, aka ƙaro dogayen rubuce-rubuce da sai ka fahimta za ka amsa, kuma Turancin ma ya zama sai wanda ya zaɓa. Yara suka koma bin wasu matasan malamai a waya, masu magana kamar rediyo. Shekarar farko jan ƙyallensa bai cika rabi ba. Ya ce laifin yaran zamani ne, ba sa haddacewa. Shekara ta biyu bencina uku kawai ke da mutane, matarsa ta fara sauko da tukwanenta.

Watan jiya ya shigo shagona, ya rame, gashin ya yi fari amma har yanzu a kwance da mai. Ya ajiye wani tulin takardu a kan injin.

“Sabon littafi. Daidai da sabon tsari. Wata huɗu na yi ina haɗa shi.”

Na buɗe. A tsakiyar kowane shafi, a kwance cikin rubutu mai haske, ga sunan wata malama 'yar Hanoi da ke koyarwa a waya, har da lambarta.

Na ce, “Malam, sunan mai shi yana jiki.”

Ya sa tabarau, ya sunkuya ya duba kamar yau ya fara gani.

“Rage wa injin tawada,” ya ce. “Ba zai fito ba.”

Na rage. Ya fito. Ya ɗaga shafin sama wajen haske, ya juya shi, ya ce ba laifi, yara ba sa karanta abin da ba za a tambaye su ba. Ya ce in buga kwafi goma sha biyu, bango ruwan ɗorawa, in sa sunansa da manyan baƙaƙe.