Gyaran da na hana Malam Idi

Har gobe ban manta da ranar da aka kai ƙarata gaban sarkin kasuwa wai na ciyar da mutum har ya faɗi ba. Ku da kuke cewa tsohuwar nan ta cika sa ido in kuna zuba wa mutane abinci, ku zauna ku ji mafarin abin.

A farkon shekarun saba'in ne, da kakar gyaɗa. Ina aiki a rumfar wata mata da muke kira Inna Tabawa, nan Madarumfa, kan hanyar da ke gangarawa bakin tabki. Waina muke yi da soyayyen kifi, abincin mai sauri: ka tsaya, a zuba maka, ka ci, ka wuce. Aikin rumfa hawa-hawa ne. Da wanke-wanke ake farawa, a koma haɗa ƙullu, sannan tanda. Na ƙarshe shi ne ludayi, wato mai zuba wa masu saye, kuma Inna ba ta ba kowa shi sai wadda ta yarda da hannunta. Shekara huɗu na yi kafin in riƙe shi. Da shi nake ciyar da 'ya'yana biyu tun rasuwar ubansu.

Dokar Inna ɗaya ce: kowa ya saya, a yi mishi gyara. In mutum ya ce a ba shi ta dala biyu, sai ki zuba abin da ya nema, ki ƙara mishi waina ɗaya ko biyu da ɗan man shanu, kyauta. Gyara mutunci ne. Wanda aka sallama ba gyara, kamar an ce mishi kada ya dawo.

Babban mai sayenmu shi ne Malam Idi, mai awon gyaɗa. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, in ya zo sai ya jawo masu kamyo, wato manyan motocin kaya, da manoma a bayansa. Sau uku yake ci a rana. Kuma bakinsa, wai! Kullum sai ya ce duk ƙasar Maraɗi babu hannu mai albarka irin na Ladi, wato ni. Ni kuwa yabo ya shiga kaina. Gyaran kowa waina biyu, nasa biyar, man shanu ludayi cike, har da kan kifi. Shi kuma ba ya barin komai a kwano, don barin gyara raini ne ga wadda ta ba ka.

Wata ran kasuwa da azahar ya tashi daga gabana, ya koma wurin awo, ya ɗaga buhu, sai ya zube. Aka ɗauke shi zuwa gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya ce jininsa ne ya hau, kuma in bai rabu da mai da gishiri ba, faɗuwa ta biyu ba za ta zo da sauƙi ba.

Kwana uku bayan haka matarsa Mariyama ta kai ƙara. Kafin mu tafi Inna ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in laifin ya hau kan rumfarta, to in ajiye ludayi in koma wanke-wanke, ko in nemi wani wuri. Ban ji tsoro ba, haushi na ji. Na tsaya gaban sarkin kasuwa da dattawansa na ce ban taɓa bin Malam Idi gida da kwano ba, da ƙafarsa yake zuwa, da bakinsa yake nema, da hannunsa yake kai wa baki. Magidanci mai gemu, ni zan ce mishi ya isa haka? Ai da an ce na kira shi mai haɗama a bainar jama'a. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Sarkin kasuwa ya ce mai sayarwa ba ta da laifi, kowa shi ke tsaron cikinsa. Aka watse.

Ina tafe ina jin kaina kamar wadda ta ci kokawa, sai Mariyama ta sha gabanmu ni da Inna. Na gyara tsayuwa don na zaci faɗa ne. Ashe ba faɗa ba ne.

Ta ce, "Ƙanwata, kin yi gaskiya, abin da ya nema da bakinsa nasa ne. Amma biyar ɗin nan da kike ƙara mishi, shi ya nema?"

Ni da Inna muka koma rumfa kowa na kallon ƙasa.

Bayan sati biyu sai ga Malam Idi, ya ɗan faɗa, da mutanensa shida a bayansa. Ya ce a zuba mishi kamar kullum. Na zuba waina daidai yadda ya nema, na sa yaji, na miƙa mishi. Ya tsaya riƙe da kwano yana jiran hannuna ya koma, hannuna bai koma ba. Ya yi dariya ya ce ko Ladi ta manta da shi ne. Na ce ban manta ba, abin da ya saya ga shi nan, in yana son ƙari ya faɗa da bakinsa in zuba, amma ni ba zan ƙara mishi ko ɗigon mai don kaina ba.

Fuskarsa ta canza. A gaban mutanensa fa! Ya ɗaga murya ya kira Inna, ya ce shekara nawa yana ci a rumfar nan, yau shi za a sallama kamar baƙo. Dokar Inna na karya, a kan mutumin da ya fi kowa kawo mata ciniki.

Inna ta taso daga bakin tanda, ta karɓe ludayin daga hannuna. Na ce a raina shi ke nan, Ladi, sai wanke-wanke. Ta karɓi kwanonsa, ta tsoma ludayi cikin ƙwaryar man shanu, ta ɗago shi cike. Sai ta tsaya. Ta dubi wuyan Malam Idi da idanunsa da suka yi ja, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juye man cikin ƙwarya, ta miƙa mishi kwanonsa yadda yake.

Ta ce, "Malam, mun fi son ka yi fushi da mu kana tafiya da ƙafafunka." Ta juyo ta danƙa mini ludayin. "Riƙe abinki."

Ya ajiye kwanon ya tafi, mutanensa suka bi shi. Kwana tara ba mu gan shi ba, ciniki ya ja baya. Ran na goma ya dawo shi kaɗai, yana ta ƙunƙuni wai wainar wasu kamar takalmi. Ya nemi rabin abin da ya saba. Na zuba, na ɗora mishi kwaɗon zogale a gefe, na ce ga gyaransa. Ya harare ni, ya cinye.

To abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Ba aikinku ba ne ku tsare cikin kowa, kuma har yau ina kan maganar da na faɗa gaban sarkin kasuwa. Wanda ya nema, ku zuba mishi. Amma abin da hannunku ya ƙara don a yabe ku, ko don mutum ya dawo gobe, wannan naku ne, ku za ku amsa shi. Shi ya sa ba na kallon ludayi na farko, na biyun nake kallo.

Malam Idi ya yi shekara goma sha ɗaya a duniya bayan wannan. Ni na soya wainar bikin autarsa, kuma Mariyama ce ta aiko a kira ni.