Samirar da ke can saman jere

Shekarun baya, ina amarya a Isa, ni ma na taɓa ɗaura wa kaina burin sabuwar shekara, irin wanda nake ganin kuna ta rubutawa kwanakin nan, wannan za ta canja labule, waccan za ta sake fenti. Nawa burin bai wuce bango ɗaya ba. So nake jerena ya taɓo rufin ɗaki kafin watan cika-ciki ya sake zagayowa.

A zamaninmu ɗakin mace jere ne. Gadon ƙarfe mai rumfa a gefe guda, sai bangon da ke kallon ƙofa, inda ake ɗora samiru da langogi da tasoshi bisa juna, manya a ƙasa ƙanana a sama. Ba a girki da su, ba a cin abinci a ciki sai da babban dalili. Baƙuwa in ta shigo, bakinta na gaishe ki idonta na kan bangon, kuma kafin ta fita ta gama sanin gidan da kika fito.

Nawa jeren daidai kafaɗata ya tsaya. Mahaifiyata ce ta haɗa shi. Mu mutanen Kurawa ne, noma da ɗan kiwo, kuma shanunta na kanta biyu ne kacal, saniya da karsanarta. Karsanar ta sayar ta yi mini kayan ɗaki. Kafin a kawo su ta zauna da ƙusa ta yi wa kowane kwano shaida a ƙasansa, kamar yadda kowace mace ke yi don kada kaya su cakuɗe a gidan biki. Shaidarta ƙafar kaza ce. A nawa sai ta ƙara ɗigo a gefe, don a bambance na uwa da na 'ya.

Abin da ya tayar mini da tsumi shi ne ɗakin maƙwabciyata, matar wani mai fataucin dabbobi da ke zuwa har Maraɗi. Bangonta shafe da farar ƙasa, an zagaye gindinsa da bula, jere kuwa har sai kin ɗaga kai. Ranar da na fara shiga, ban ji rabin hirar da aka yi ba. Na dawo na tsaya gaban nawa ina harararsa kamar shi ya yi mini laifi. Da mijina ya shigo na ce masa bana zan fara ƙuli-ƙuli, duk ribar kwano zan saya da ita. Ya dubi bangon ya dube ni ya ce, "To Allah shi taimaka. In kin kai rufi sai mu ɗaga ginin."

Farar ƙasar dai na shafa, bular ma na zagaya. Iyakar abin da na cika ke nan a cikin burin.

Daminar da ta wuce ba ta yi kirki ba, mun ɗauka ta shekara ɗaya ce. Tun rani bai yi nisa ba rumbunmu ya nuna ƙasa. Gyaɗar da zan yi ƙuli da ita ta gagari saye. Mijina ya bi 'yan cin rani zuwa kudu, ya bar ni da tsohuwar mahaifiyarsa, wadda ba ta gani sosai. Saƙo yakan zo daga wurinsa, amma ba kullum ba, cikinmu kuwa kullum ne. Ruwa ya sauka a makare, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye.

Ranar da na fara kiran dillaliya, ƙaramar langa na ba ta daga can baya, inda ido ba ya kaiwa. Ta kawo mini gero. Bayan ita sai wata. Na ƙware wajen gyaran jere yadda giɓi ba zai nuna ba: in tura wannan gaba, in kifa ƙwarya a ƙarƙashin waccan don ta ƙara tsawo, in rufa kyalle. Ba ni kaɗai ba ce. Dillaliyar ta ce kasuwa ta cika da kwanuka har masu saye na yanga. Jeren da na ce zai taɓo rufi ya sauko ƙugu, ya sauko gwiwa. Daga ƙarshe abin da ya rage bai fi a ɗauka a hannu ɗaya ba.

Abu ɗaya na ƙudura, kada mahaifiyata ta sani. Ba kunya kaɗai ba ce, ko da yake akwai ta. Na san halinta. In ta ji 'yarta na sayar da kayan ɗaki don ta ci, washegari za ta kora saniyar nan kasuwa ta aiko mini da hatsi. Ita ce dabbarta ta ƙarshe, a shekarar da shanu ke faɗuwa a hanya, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. In ta rabu da ita, ta rabu da nono da taki da duk abin da za ta farfaɗo da shi. Saboda haka duk wanda zai je Kurawa saƙona ɗaya ne: lafiya lau muke.

Da sabuwar shekara ta matso, na shirya zuwa gida cika-ciki, don in na je ba za ta ga ɗakina ba. Sai ga ɗan aike daga wurinta. Wai kada in taho, hanya da wahala, ita za ta zo ta ga ɗakina, tunda rabonta da shi tun ranar da aka yi jere.

Na zauna a bakin gado na rasa abin yi. A haka maƙwabciyata ta same ni. Na gaya mata. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Wanga shi na abin kuka? Ke dai yarinya ta. Tashi ki share ɗaki."

Ashe akwai abin da matan unguwar ke yi tun farkon wahalar nan, ni ce ban sani ba don ba na yawan fita. Duk wadda za ta yi baƙi daga dangi, sai a tara mata. Wannan ta miƙo langa ta kan katanga, waccan ta turo tasa cikin zani. Baƙi na tafiya kowa ta karɓi abinta. Jere ɗaya ne ke yawo a unguwar, gida gida. Maƙwabciyata ita ta fi kawowa, don mijinta na cikin 'yan kaɗan da farin bai karya ba, ita saye ma take yi. Da hannunta ta jera mini su. A can sama ta ɗora wata babbar samira fara mai jajayen furanni, ta ce mijinta ya sayo mata a kasuwar Bafarawa bai daɗe ba. Na ce a raina irin ta mahaifiyata ce, wadda take fito da ita in an yi manyan baƙi. Amma irin samirar nan ta cika gari, ban kawo komai ba.

Na ja da baya na duba. Jere ya taɓo rufi. Burina ya cika cif a kan lokaci, sai dai kusan babu nawa a ciki.

Mahaifiyata ta iso da hantsi, a bayan a-kori-kura daga Sabon Birni. Ta rame, amma a shekarar kowa ya rame, ba a maganar. Ta kawo mini busasshiyar kuka da ɗan wake ƙulle a bakin zani. Ta gaida surukata, ta sha ruwa, ta shigo ɗaki ta zauna a tabarma tana kallon bango.

"Ma sha Allah," ta ce. "Kin yi ƙoƙari."

Na ce ƙuli-ƙuli ne. Ƙaryar ta fito sumul, don na kwana ina maimaita ta.

Abin da na manta shi ne mahaifiyata ba ta iya zama hannu sake. Ta ɗan jima sai ta ce, "Ba ni tsumma. Ƙura ta hau su."

"Inna ki huta, jiya nig goge su."

"Ba ki iya ba. Ba ni tsumma."

Na miƙa mata. Ta fara daga gefe, ta sauke langa, ta goge ciki, ta kifa ta don ta goge ƙasa. Ɗigon jan fenti. Ta ajiye. Ta gaba, gicciye da shuɗi. Ta gaba, an ɗaura zare a hannun murfi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonta. Gogewa kawai take tana ajiyewa a tabarma, kowace shaida da ɓangarenta, kamar mai raba kayan biki. Nawa masu ƙafar kaza da ɗigo ta ware su gefe ɗaya, 'yan tsiraru. Ni dai na san asirina ya tonu, saniya kuma sai kasuwa.

Ta taka turmi ta sauko da babbar samirar. Ta goge murfin, ta kifa ta a cinyarta. Sai hannunta ya tsaya.

Na matso na leƙa. Ƙafar kaza ce, babu ɗigo.

Na ɗago na dube ta. Ni ce na fara magana.

"Inna, wagga taki ta."

"Da can," ta ce.

"Sauran fa?"

"Sun bi ta. Bangon nan nawa babu komi gare shi sai ƙusa." Ta ci gaba da goge samirar a hankali. "Mi kike tsammani yas sa nic ce kak ki taho?"

Sai a lokacin na gane. Ni ina shirin zuwa Kurawa don kada ta ga ɗakina, ita ta hau mota zuwa Isa don kada in ga nata. Tausayinta da haushin kaina suka kama ni, har da dariya a ciki. Na tambaye ta abin da ke raina tun farko.

"Saniyar fa?"

"Tana nan. Don ita nis sayar da su, dusa nika saye mata da kowar wake. In ta kai damina, ta kai mu." Ta ɗago ta dube ni. "Ke kuma don mi kinka ɓoye man?"

"Don kak ki sayar da ita."

Ta yi tsaki. "Ni da nis sayar da samirar da uwata tab ba ni don in riƙe ta? Ba ni sayar da ita ko ke kinka ce."

Ban taɓa jin daɗin a ce ba za a taimake ni ba sai ranar.

Ta miƙe ta mayar da jeren da kanta, kuma gaskiyarta ce, ba mu iya ba. Yadda ta tsara shi ya fi na jiya kyau nesa. Da la'asar matan unguwa suka shigo gaishe ta. Ta zauna a tsakiyarsu tana yaba ɗakin 'yarta da ƙarfi, tana cewa yaran yanzu akwai zuciyar nema. Su kuma suna amsawa, "Wallahi Inna, ɗiyarki akwai ƙoƙari," kowace tana satar kallon kwanonta. Ni ina gefe ina zuba ruwa, ban yarda na haɗa ido da kowa ba.

Cika-cikin shekarar da faten wake muka yi shi, cikin kuwa bai cika ba. Washegari kafin ta tafi ta ce in kawo samirar. Na ɗauka za ta roƙi a sayar mata da ita ne, har na fara tunanin abin da zan ce. Ta ɗauke ta da kanta ta shiga gidan maƙwabciyata, ina biye. Ta ajiye mata a gabanta ta yi godiyar aro. Maƙwabciyata ta daburce ta fara rantse-rantse. Mahaifiyata ta ɗaga mata hannu.

"Ɗiyata, murfin nan shina cijewa in an yi sanyi. Kak ki sa mai wuƙa, za ki ɓare fentin. Ki murɗa shi hagu kaɗan, shi buɗe."

Ta gyara mayafinta muka fita. Ba ta waiwaya ba.

Saniyar ta kai damina, da ƙyar, har ta haihu daga baya. Mijina ya dawo. Jere na sake yi a hankali, bai taɓa kai rufi ba, kafin ya kai ma aka daina yayinsa aka koma kabad mai gilashi. Na taɓa neman samirar in saya, ashe maƙwabciyata ta sa ta cikin kayan ɗakin 'yarta da aka kai ƙetaren iyaka. Da na gaya wa mahaifiyata, cewa ta yi ai gara tana ɗakin amarya.

Ba na hana kowa burin gyaran ɗaki, ni ma bana ina so in canja labulen falo. Abin da dai na sani shi ne in na shiga ɗakin mace na ga ya tsaru, ina yabawa da ƙarfi, ba na tambayar komai. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Har yau in aka miƙo mini abinci a tsohuwar samira a gidan biki, sai na ɗaga ta na duba ƙasanta. Jikokina sun ɗauka dubawa nake ko an wanke.