Ranar da Inna Lauratu Ta Kira Sunana

Ranar Talata, 9 ga Maris, 1976, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran mahaifiyata, Inna Lauratu, a gidanmu na Jugu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Inna, ni ne ɗanki na fari, saboda haka na tashi ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Wancan" kike ce mini, in kin ji daɗina ki ce "mijin Rabi'a". Kunyarki har karin magana ta zama a unguwa.

Shekara takwas ke nan, ina fatauci a kasuwar shanu ta Paraku, tari ya kama ni, ya haura wata bai sake ni ba. Abokan sana'a suka ce ƙurar kasuwar ce, na yi ta shan citta da zuma. Rabi'a ce ta yi miki aike, kika hau mota kika iso unguwarmu Ladjifarani a Paraku.

Ba ki tambaye ni komai ba, ita kika tsare. Yana cin abinci? Zazzaɓi na zuwa da yamma? Kika taɓa zanen shimfiɗata kika ji shi jiƙe da gumi, kika ga rigar da ta yi mini yawa, kika leƙa kaskon da nake tofa majina kika ga jini. Kin san hanyar nan, ita Baba ya bi har kabari.

Na ɗauki sanda zan fita kasuwa, ƙofar gida cike da mahauta. Sai na ji muryarki:

"Badamasi! Tarin fuka ne. Ya ci ubanka ina kallo, ba zai ci ka ba. Aje sandar, mu tafi wajen lokotoro."

Na aje sandar. Na bi ki wajen likitan kamar ɗan akuya. Aka duba majina, aka ɗauki hoton ƙirji, maganarki ta tabbata. Fiye da shekara ina allura da ƙwayoyi, kuma kika sa aka duba Rabi'a da yara. Da na warke kika koma "wancan" abinki.

Ba na shakkar kyakkyawan ƙarshenki. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba ƙannena Zainabu da Salamatu da dangi na Jugu da Paraku haƙuri. Sau ɗaya kika kira ni a duniya, Inna, na amsa, na rayu. Allah Ya sa ki sake kirana a Aljanna.