Ruwan Illa a Rariya

Duk wanda ya sha ruwa a unguwar tasha ta Matameye ya san Illa ga-ruwa. Dogo ne siriri, kurarsa ta fi shi surutu, kuma tun yana saurayi yake tura jarkoki daga famfo zuwa gidaje. Matarsa Lauratu kan ce da za a matse shi, ruwan famfo ne zai fito, ba jini ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ta yi gardama. Rijiyoyi suka ja baya, aka girke wani sajan a bakin famfo, ya kafa doka: wanda aka kama yana ɓarnar ruwa, kurarsa ta tafi, gurbinsa a layin famfo ma ya tafi. Illa kuwa ba gona, ba akuya. Kurar nan ce tuwon gidansa.

A lokacin ne wasu samari masu kiɗan gita da ake kira Wutar Kara suka saki waƙarsu "Hadari". Tana cikin kowace salula. Sun yi mata kilip, wato bidiyo, a busasshiyar gona, mutane suka ce wannan ai kullum suna ganinsa kyauta. Sai shugabansu Rhissa ya sami Illa.

"Baba Illa, kilip na biyu muke so, ruwa yana zubo mini."

"Ɗana, limamai sun roƙa ba su samu ba, sai ni?"

"Katanga kawai za ka hau da rariya. Za mu biya ka."

Illa ya ƙi, ya sake ƙi. Da ya tuna buhun gero ya kusa kai ƙasa, ya yarda, amma da sharaɗi: Rhissa zai tsaya cikin bahon wankin Lauratu, kada ɗigo ya taɓa ƙasa.

Da hantsi aka taru a bayan gidansa. Mai kamara ya durƙusa yadda baho ba zai fito ba, aka kunna waƙar, Rhissa ya rungumi gita ba waya, yana ɗaga ido sama. Illa na bisa katanga, yana tuttula jarka cikin rariya.

Abin da bai lissafa ba shi ne iska. Ta ɗebi yayyafin ta watsa kan kwanon rufin maƙwabciyarsa, tsohuwa Tanna. Ta rangaɗa guɗa, ta fito da tukwane tana "Alhamdu lillahi!" Kafin a rufe mata baki unguwa ta cika, kowa na kallon sama, sama kuwa fes. A bayan taron ga sajan, bindiga a kafaɗa.

"Kai, ga-ruwa. Sauko."

Illa ya sauko. Sajan ya ɗora hannu kan kurar.

"Ka san doka?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ba zubarwa na yi ba, aro na ba mai gita. Ga shi nan a baho."

Sajan ya dubi bahon. "Mayar."

Aka fitar da Rhissa, aka juye bahon cikin jarka. Ruwan ya tsaya ƙasa da wuya. Lauratu ta dafe ƙirji.

"Ina sauran?"

Illa ya waiga, ya waiga, sai ya nuna Rhissa, wanda rawaninsa ke ɗiga. "Yana kansa, ranka ya daɗe."

"Kai mai gita, matse."

Rhissa ya warware rawani ya matse, ya tuɓe riga ya matse, mata na rufe fuska suna leƙe. Ruwa ya hau har bakin jarka, launinsa kamar na marina. Sajan ya daɗe yana kallo, gefen bakinsa na motsi, sannan ya ɗauke hannu daga kurar ya juya.

Ba wanda ya sayi jarkar nan; zogalen Lauratu ne ya sha. Kilip ya fito, a kusurwar sama ana ganin hannu da rariya. Tanna dai ta yi mako ba ta amsa gaisuwar Illa, don tukwanenta sun koma ɗaki a bushe. Shi kuwa da safe yana kan layin famfo, riƙe da kurarsa da hannu biyu.